Takardar Sawakin

Da reza Abuya, wato babanmu, ya farke ɗinkin, a falonmu na unguwar Ka'akiyya a Makka bayan la'asar, Sitti kuwa tana zaune a kan dardumarta ta juya mana baya. Ni na riƙe masa fitilar waya, don zaren ya riga ya zama ɗaya da fatar. Abin kamar laya yake, faɗin tafin hannu, ya yi baƙi don tsufa. Tun ina ƙarama nake ganin sa a ƙasan akwatin Sitti, wato kakarmu mahaifiyar Abuya, ana cewa na Malam Idi ne, kakan Abuya, wanda ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa har ya iso Makka. Mutanen da haka suke yi da takarda mai muhimmanci, su kai wa baduku ya ɗinke ta a cikin fata, su rataya a wuya saboda gumi da ruwan sama da ɓarayin hanya. Ba wanda ya taɓa buɗe ta a gidanmu. Sau biyu Sitti tana cewa a bar ta yadda take.

"Inna, ba ni da wata dabara," in ji Abuya.

Ta ci gaba da jan carbinta.

Ku 'ya'yan yayana Musa nake rubuta wa wannan, a waya, a lokacin hutun aiki, don na san in kun girma a gutsure za a ba ku labarin. Za a ce muku Gwaggo Hafsa ta taɓa kai wa Turawa sirrin gida. Akwai gaskiya a ciki. To ga sauran.

Shekarar nan komai tare ya zo. Farashin mai ya faɗi, kamfanin jigilar alhazai da Abuya ya daɗe yana yi wa tuƙi ya rufe, kuma kamfanin ne kafilinsa, ya'ni da sunansu iƙamarsa take, katinsa na izinin zama. Iƙama ta ƙare, ba mai sabuntawa. Ni da Mama da Sitti duk a ƙarƙashinsa muke, in nasa ya lalace namu ya lalace. Naira ma ta faɗi, alhazan Najeriya suna zuwa shagon babanku a unguwar Misfala su taɓa kaya su ajiye su wuce. Ana yaƙi a iyakar kudu ta ƙasar nan, a asibitoci ana maganar ciwon raƙuma. Abuya, mutumin da ya san kowane lungu daga Hindawiyya har Mina, ya koma ba ya wuce masallacin unguwa don kada a tsayar da shi a tambayi kati. In mota ta tsaya a ƙofar gida sai ka ga ya rage sautin talabijin yana saurare. Wani mu'aƙƙib, irin mutanen nan masu bi wa jama'a takardu a ofisoshi, shi ya ce masa akwai hanyar gyara ga waɗanda suka daɗe a ƙasar, amma ya kawo duk wata tsohuwar takarda da za ta nuna tun yaushe gidanmu yake nan. Abin da ya kai reza kan fatar ke nan.

Ni kuma a lokacin hankalina yana wani wuri. Na iya Turanci, ina aikin fassara a wani ɗan asibiti da alhazai ke zuwa, kuma na shiga wani darasi ta intanet da wata malama Baturiya take koyarwa daga wata jami'a a Ingila. Tarihin Birtaniya ne, amma ta fuskar masifu masu haɗuwa lokaci ɗaya. Abin da take ta nanatawa shi ne, ma'aikatan mulkin mallaka kowace masifa fayil ɗinta daban suke buɗe mata. Ga na yaƙi, ga na annoba, ga na yunwa, ga na alhazai, kowanne da akawunsa. Masu rubuta tarihi da suka zo daga baya su ma sai suka bi fayil-fayil, wannan ya ƙware a yaƙi, wancan a cuta. Amma mutumin da yake kan hanya, a jiki ɗaya duka suka same shi. Ranar da na fara jin wannan na ɗaga kai na ga Abuya zaune da jallabiyar gida da rana tsaka, na ce a raina, malama ai a falonmu kike. Su ma can Ingila ba su tsira ba, lokacin ne suka yi ƙuri'ar rabuwa da maƙwabtansu, wani makon rabin darasin ya tafi a kan fargabar abin da zai biyo baya. Sai ta sanar cewa za su yi taro a jami'ar, duk ɗalibin da ya kawo wani abu daga tarihin gidansu za a sa shi cikin masu magana, kuma a cikinsu za a zaɓi wanda za a ba gurbin karatu. Na sa rai. Ban faɗa wa kowa yadda na sa rai ba.

Takardar ta fito a ninke huɗu, launin shayi, gefenta duk ya cinye. Da na hango tambarin kambi a sama, da Turanci bugun inji, da sunan Sawakin, tashar da alhazanmu suke hawa jirgin ruwa daga Sudan, sai taron malamar ya faɗo mini a rai. Abuya ya tashi ya je wanke hannu don fatar ta ɓata masa yatsu. Kafin ya dawo na ɗauki hoto na tura wa malamar. Na rubuta mata cewa ga takardar alhazai ta kakan mahaifina, na ba ta cikakken sunan gidanmu, na ce a Makka muke, har na ƙara da cewa ta yi amfani da ita yadda take so. Ban karanta ba. Wallahi tambarin kawai na gani. Duka abin bai kai minti biyu ba.

Abuya ya dawo ya zauna ya ce in karanta masa layi-layi, a hankali. Na fara. Suna, Musa ɗan Audu. Gari, wani ƙauye a ƙasar Katagum. Alamar jiki, tsage a kumatu biyu da tabo a girar hagu. Ga dangwalen yatsa a ƙasa. Na koma farko na sake karantawa ko idona ne. Malam Idi ba Musa ba ne, ubansa ba Audu ba ne, kuma ga hotonsa na tsufa rataye a saman talabijin, fuska ba tsage ko ɗaya.

"Duba baya," in ji Abuya. "Wataƙila nasa sunan yana baya."

Baya ba komai sai hatimin likita.

A nan Sitti ta fara magana, ba ta ko juyo ba. Ta ce surukarta ce ta ba ta labarin a ciwon ajali, ta kuma ce mata ta riƙe. Malam Idi ya baro gida a shekarar yunwa, yana saurayi. Kafin ya kai Sudan yaƙin Turawa ya tashi, hanyar teku ta toshe, ya zauna yana ƙwadago a gonakin mutane shekara da shekaru. A can ya haɗu da wannan bawan Allah, suka zama kwano ɗaya tabarma ɗaya. Da hanya ta buɗe Turawa suka ce ba mai tsallakewa sai da takarda. Abokin ya samu, Malam Idi bai samu ba, rakiya kawai ya yi masa zuwa Sawakin don su yi sallama. Suna can annobar murar nan da tsofaffi suke kira marisuwa ta shiga sansanin alhazai. Abokin kwana uku ya yi. Kafin ya cika ya danƙa wa Malam Idi takardar, ya ce ya tsallaka da ita, ya yi masa hajjin da bai samu yi ba. Na tambaye ta, to tsagen fa? Ta ce ya ja rawani ya rufe kumatu, lokacin kowa fuskarsa a rufe take, kuma akawun da ke dubawa shi ma murar yake tsoro, daga nesa yake leƙa takarda ya ce a wuce. Da Malam Idi ya iso ya yi hajjinsa, ya yi na abokin a shekarar da ta biyo, sannan ya kai takardar aka ɗinke, ya ce kada a sake buɗewa.

Duk labarin nan Sitti ba ta faɗi sunan mutumin ba ko sau ɗaya, don sunan mijinta ne, ba ta faɗa. Sai a lokacin na gane abin da muka taso muna gani ba mu taɓa tambaya ba. Gidanmu ba ya zama babu Musa. Malam Idi ya sa wa ɗansa na fari sunan, shi ne mijin Sitti. Da ya rasu, namijin da aka fara haifa bayansa shi ne babanku, kuma Mama ta sha ba mu labarin yadda ta so wani suna daban Sitti ta ce ba zance. Duk azumi kuma sai ta kori babanku ya je ya yi umra ɗaya da ba tasa ba, ko da kasuwa tana ci.

Abuya ya daɗe yana kallon takardar. Ya nemi shaidar cewa mun daɗe, ya samu shaidar cewa tushenmu da takardar mamaci ya shigo. Ya ninke ta yadda take a da.

"Wannan ba za ta fita daga ɗakin nan ba," ya ce. "Ko mu'aƙƙib ba zai ji ba. Kun ji ni?"

Muka ce mun ji. Wayar tana kan cinyata, ta yi motsi. Malamar ce, tana ta murna.

Kwana biyu na yi ban ce komai ba. Ina zuwa aiki, alhaji yana gaya mini inda ke masa ciwo, likita yana jiran fassara, ni kuwa na tafi wani wuri. Na rubuta mata saƙo na goge ya fi sau goma. In na ce ta share, me zan kai taron? In na yi shiru, ai malama ce, a aljihun teburinta hoton zai zauna. Haka na riƙa lallashin kaina. A gida Mama ta ga ina juya cokali a cikin shinkafa ta tambaya ko wani ne ya ɓata mini rai a wurin aiki, na ce zafi ne. Rana ta uku da safe malamar ta turo mini shafin taron. Sun sa hoton a can sama, babba, shi ne ma adon shafin. A ƙasa an rubuta sunana, da sunan gidanmu, da Makka, da cewa takardar Malam Idi ce. Duk wanda ya iya Turanci zai ga sunan da ke jikin takardar daban, wanda ke ƙasanta daban.

Bayan azahar na sami Abuya a falo yana jera takardu a cikin leda, babanku yana gefe yana cin abinci kafin ya koma shago.

"Abuya, na tura ta."

"Kin tura me?"

"Takardar. Hotonta. Tun ranar, kafin in karanta."

Ya tambaye ni wa na tura wa, na faɗa. Ya tambaye ni wa zai iya gani, na ce duk mai intanet. Babanku ya ajiye cokali ya karɓi wayar ya duba, ya ce, "Mabruk, Dakta Hafsa, mun shiga tarihi." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Na fara kare kaina da sauri-sauri. Na ce abin ya kusa shekara ɗari, lokacin ma ba wannan hukumar ba ce, na ce wane ma'aikaci ne zai bar tulin fayil a gabansa ya je karanta shafin wata jami'a a Ingila. Abuya ya bar ni na gama.

"Kin tabbata?"

Ban tabbata ba. Ba wanda ya tabbata da komai a shekarar. Ya ce ba ma'aikaci yake tsoro ba, mutum ɗaya yake tsoro, wanda ya san mu, ya iya Turanci, kuma yana da haushinmu. Ya ce fayil in aka sa masa alamar tambaya ba a ƙin sa, ajiye shi ake yi, kuma shi ya san mutanen da aka ajiye nasu har suka yi furfura. Bai ɗaga murya ba. Da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Ni na kai ki makarantar Turanci," ya ce, "ina tuƙi har ƙafata tana kumbura. Ban san mu za ki fassara ba."

A tsaye a kicin na kira malamar. Ba zan yi mata ƙarya ba, mutuniyar kirki ce. Kafin mu gama magana ta sa an cire hoton, ta yi ta ba da haƙuri, ta ce laifinta ne da ba ta sake tambaya ba. Da na ba ta labarin Sitti sai ta ce ko na gane abin da ke hannuna? A wurin akawunsu, Musa ɗan Audu ya tsallaka teku lafiya lau. Ba fayil ɗin da zai ce ya mutu, ba fayil ɗin da zai ce Malam Idi ya taɓa zuwa. Yunwa ta fitar da shi, yaƙi ya tsare shi, annoba ta kashe masa aboki kuma ita ta buɗe masa ƙofa, kuma duk wannan ba ya cikin takarda, yana bakin tsohuwa ɗaya a Ka'akiyya. Ta ce in zo da labarin, a canza sunaye, a ɓoye gari. Ta ba ni mako biyu.

Na kai wa Abuya maganar sau biyu. Na farko ya ce Hausawan Makka nawa ne da 'yarsu ke karatun tarihi da Turawa, canza suna me zai ɓoye? Na biyu ya ɗauko tsohuwar iƙamarsa da ta ƙare ya ajiye a gabana ya tashi. Zan iya turawa ba da saninsa ba, ai na taɓa yi. Na rubuta rabin jawabin ma, yana nan har yanzu. Ranar ƙarshe na zauna a matakalar asibiti na rubuta wa malamar cewa na janye. Gurbin wani ɗalibi aka ba, na ga sunansa daga baya, na yi masa fatan alheri da baki, zuciyata kuwa sai a hankali.

Janyewar ba ta kawo mini barci ba. Rabin yini hoton ya yi a shafin, kuma ban san wa ya gani ba, wa ya ajiye. Kullum da safe kafin in wanke fuska sai na rubuta sunan gidanmu a intanet in ga ko wani abu zai fito. Fayil ɗin Abuya ya tafi da takardar haihuwarsa da wani tsohon katin mahaifinsa da Mama ta tono a cikin kayan aurenta. In mu'aƙƙib ya kira, sai in bar abin da nake yi in kasa kunne tun kafin Abuya ya ɗauka. Sau ɗaya ya ce an dawo da fayil ɗin akwai tambaya, na ce shi ke nan, asiri ya tonu, ashe hoton Sitti ne ba su yarda da shi ba don mayafi ya rufe goshi. Ni da Abuya muna gaisawa, muna cin abinci tare, amma ya daina ce mini in karanta masa saƙon da ya shigo wayarsa. Babanku yake jira ya dawo daga shago.

Wata biyar aka yi. Ranar da katin ya fito ya shigo ya ajiye shi a cinyar Sitti, ta shafa ta yi hamdala. Ya juyo ya tambaye ni ko malamar tawa tana nan. Na ce tana nan, amma gurbin ya wuce. Ya gyaɗa kai, ya tsaya kamar zai ƙara wani abu, sai ya miƙo mini wayarsa ya ce in duba masa wani saƙo. Shi ke nan sulhun namu.

Sitti ta sa babanku ya kai takardar wurin wani tsohon baduku a Hindawiyya aka sake ɗinkewa. Amma kafin nan ta kira ni ɗakinta ta ce in rubuta mata sunan ƙauyen da baƙaƙen Larabci, yadda za ta iya karantawa. Na tambaye ta na me. Ta ce mutumin nan yana da uwa. Malam Idi bai iya aika saƙo gida ba, don in ya aika ya tona kansa, har ya rasu abin yana cin sa.

"Mun yi masa hajji, mun raya masa suna," ta ce. "Amma mutanensa ba wanda ya ce musu ya rasu."

Sunan ƙauyen yana wayata. Bara a lokacin hajji wani dattijo ya shigo asibitinmu da tari, tsage a kumatu biyu. Ina cika masa takarda na tambayi garinsu, ya faɗi sunan nan daidai, har da yadda ban iya furtawa ba. Na tsaya da biro a hannu. Na so in tambaye shi ko a garinsu akwai gidan da ake ba da labarin wani Musa ɗan Audu da ya tafi Makka bai dawo ba. Sai na tuna katin Abuya sabunta shi ake yi, tsoron ma tare da shi ake sabuntawa, kuma magana in ta shiga tantin alhazai ba ka san inda za ta kwana ba. Na fassara masa tarinsa, na nuna masa yadda zai sha magani, ya sa mini albarka ya tafi.

Hajji ya sake matsowa, kuma mutanen wannan yankin ta asibitinmu suke bi. Ku da za ku gaji fatar nan da sunan da ke cikinta, ku gaya mini: in wani daga ƙauyen ya sake zama a gabana, in faɗa masa, ko in sake yin shiru?